Ciyawar da Na Shimfiɗa wa Baban Fiddausi

Asabar, 6 ga Yuli, bayan la'asar

An gama shimfiɗa ciyawar. Na zauna a bakin ƙofar ɗaki ina kallonta har shayina ya huce. Tsakar gidan nan da na sani da siminti shekara goma sha tara, yau ga shi kore shar tun daga bakin rijiya har ƙofar banɗaki. Malam Idrisu mai fulawa na Bompai ne ya kawo ta a a-kori-kura, yanka-yanka, ya jera su kamar tayil. Ya ce in dinga ba ta ruwa safe da yamma in ba a yi sama ba, kuma kada kowa ya taka sai ta yi sati uku ta kama ƙasa. Na ce masa wa zai taka? Ni kaɗai ce a gidan.

Safiya maƙwabciyata ta leƙo ta katanga ta ce, "Badi'a, gidan gwamnati kika mayar mana da Sharaɗa?" Na ce mata eh, gobe ma za a kawo sojoji bakin ƙofa. Ta yi dariya, amma na ga irin kallon da ta yi min. Duk layin nan sun ɗauka na taɓu tun ranar da na sa aka fasa simintin da diga. Oho, su ɗauka.

Littafin nan ragowar na makarantar Fiddausi ne, ta bar shi da aka kai ta ɗakinta Zariya. Ba ni da wanda zan gaya wa magana in na dawo daga aiki, shi ya sa na ɗauko shi.

Litinin, 8 ga Yuli, bayan magariba

Yau kwana arba'in da ɗaya da Yaya Tijjani ya sa Baban Fiddausi a mota ya tafi da shi ƙauyensu, can bayan Jahun. Ba a tambaye ni ba. Wansa ne, ni matarsa ce kawai.

Da azumi shanyewar ɓarin jiki ta same shi a bakin inji, a kamfanin fatar da yake aiki a Challawa. Ya fara samun sauƙi fa. Da sanda yana yin taku goma sha biyu daga ɗaki zuwa rijiya, yana jan ƙafar hagu, ni nake ƙirga masa. Sai ranar Larabar nan ta zo. Ba zan rubuta ta ba.

A ƙofar asibiti, kan Baban Fiddausi da ɗinki, Yaya ya ce da ni, "Mutum mai jan ƙafa a gidan da ko'ina siminti? A can ko ya faɗi yashi ne. Zan shigo Kano Asabar ɗin farko ta watan takwas, na leƙo in gani." Iyakar abin da ya faɗa ke nan, ni kuwa na riƙe shi gam. Siminti ne matsalar? To babu shi. Likitan gashin ƙashi ma ya taɓa ce mana tafiya ba takalmi a kan ciyawa tana tayar da ƙafa. Ranar uku ga wata Yaya zai zo ya ga inda ƙaninsa zai taka, ya dawo min da mijina.

Laraba, 10 ga Yuli, da safe

Rami ɗaya wajen rijiya, da tulin ƙasa a gefensa. Na cike na danne da ƙafa.

Alhamis, 11 ga Yuli, bayan la'asar

Na kira Jummai matar Yaya. "Da sauƙi, Maman Fiddausi, yana takawa." Na ce taku nawa? Ta ce ruwa ya yi musu gyara bana, gero har ya kai gwiwa. Ta kara masa wayar a kunne. Na ce, "Malam, na yi maka shimfiɗa a tsakar gida, sai ka zo ka gani." Na ji numfashinsa, sannan ya ce, "To." Ya ƙara cewa, "To." Tun da ciwon ya zo maganar tasa ke nan, amma ni na san kowace "to" da abin da take nufi. Wannan ta biyun ta tambaya ce.

Juma'a, 12 ga Yuli, da hantsi

Ramuka uku yau. Kai! Ba ramin ɓera ba ne wannan, hannuna ya shige har wuyan hannu. Safiya ta ce gafiya ce, daga kwalbatin bayan kamfanin roba suke fitowa in damina ta cika musu gida. Sun ɗaga yanka biyu na ciyawar sun kifar, saiwar tana kallon sama. Me na yi wa gafiya? Duk faɗin Sharaɗa, da sitocin masara da na shinkafa, ba ta ga wurin zuwa ba sai ɗan tsakar gidana da bai kai tabarma takwas ba.

Lahadi, 14 ga Yuli, bayan azahar

Na yi wani abu da ba zan gaya wa kowa ba. Na tuɓe takalmi, na ɗauko sandarsa, na tsaya a ƙofar ɗaki, na bi hanyar rijiya ina jan ƙafar hagu yadda yake yi. Na san Malam Idrisu ya hana takawa. A taku na bakwai babban yatsana ya shige inda na cike shekaranjiya, ƙasar ta burma, na tafi gaba ɗaya na ci da ƙasa. Ni mai ƙafa biyu lafiyayyu ke nan.

Na daɗe a zaune a wurin. Ciyawar tana da sanyi, wallahi tana da laushi, ban ji ciwo ba ko kaɗan. Amma in Yaya ya ga rami ɗaya, ɗaya tak, na san abin da zai ce.

Sai yanzu ma na lura, sandar tana nan. Kwana arba'in da bakwai ba wanda ya aiko a karɓa. Wataƙila sun sassaƙa masa wata a can.

Litinin, 15 ga Yuli, da safe

Na kafa tarko biyu da daddawa. An cinye daddawar, tarkon yana nan a ɗane yana min dariya.

Laraba, 17 ga Yuli, lokacin hutun rana a kamfani

Ina ɗinke bakin buhu allura ta soke ni sau biyu. Sufabaiza ya ce, "Maman Fiddausi, hankalinki yana gida." Na ce a'a, yana Jigawa.

Shekara goma sha ɗaya ina ɗinkin buhun kek, wato tunkuza, a kamfanin man gyaɗan nan. Da, in na tashi ƙarfe huɗu, shi yana saukowa daga motar Challawa a bakin titi, mu taho tare. Yana warin fata ina warin gyaɗa. Yakan ce in aka haɗa mu an yi kilishi. Ni in ce masa Allah ya sawwaƙe, wa zai ci? Yanzu in na iso bakin titin sai in tsallaka ɗaya hannun don kada in ga masu saukowa.

Ina kewarsa. Na rubuta, ba wanda zai gani. Ina kewar tarinsa na asuba, da yadda yake barin murfin buta a buɗe kullum ina faɗa.

Juma'a, 19 ga Yuli, bayan la'asar

Wata a wurin aiki ta ce hayaƙi ne maganinsu. Na cusa tsumma da busasshen barkono a rami biyu, na kunna, na dinga fifitawa da faifai. Hayaƙin bai tsaya a gidana ba. Ashe ramin ya bi ƙarƙashin katanga, sai ga shi yana tashi a madafin Safiya. Kajinta suka watse, surukarta tsohuwa ta kama tari har da hawaye.

Safiya ta shigo ko sallama babu. "Ke Badi'a, kashe mu za ki yi saboda ciyawa?"

Na ce gidana ne, abin da na ga dama zan ƙona a ciki.

Ta ce, "Gidanki? Ranar da mijinki ya faɗi muka ji yana nishi tun hantsi har azahar, da kwaɗo ta waje, sai da aka nemo guduma, ai ba ki ce gidanki ne ba."

Ta faɗa, sai ta kama bakinta. Na debi ruwa a rijiya na kashe wutar.

Asabar, 20 ga Yuli

Ban fita ba.

Lahadi, 21 ga Yuli, da hantsi

Don kada yara su dinga shigowa suna damunsa na kulle ƙofar ranar Larabar nan. Don kada ya ce zai fita masallaci shi kaɗai ya faɗi a kwata. Shif ɗaya ne, na safe, kuma na bar masa ruwa da abinci a kusa. Wa zan gaya wa wannan? Yaya bai tambaye ni ba, Fiddausi ba ta tambaye ni ba, shi kuwa ba shi da bakin tambaya.

Ramuka shida yau. Na daina cikewa da hannu, na ari shebur.

Talata, 23 ga Yuli, bayan magariba

Daga aiki na hau adaidaita har Bompai, raina a ɓace. Na samu Malam Idrisu a bakin titi cikin tukwanen fulawarsa, tireloli suna wucewa suna watsa masa ruwan taɓo. Na ce, "Malam, ciyawa na ce ku kawo min ko gafiya?" Ya ce shekara ashirin yana shimfiɗa ciyawa a kamfanonin nan, gafiya ba ta cin ciyawa, ba abin da za ta nema a ciki. Na ce to su zo su gaya mata da bakinsu, don ita ba ta sani ba.

Ya biyo ni, bawan Allah, duk da faɗan da na yi masa. Ya tsuguna wajen rijiya ya ɗaga yanka ɗaya, ya damƙi ƙasar ƙarƙashi ya kai hanci. Ya ƙara shinshinawa. Ya ɗago ya dube ni.

"Hajiya, ranar da na zo na tarar kin baje baƙar ƙasa. Me kika gauraya a ciki?"

Na ce taki.

"Wane irin taki?"

Na ce garin kek. Busasshiyar tunkuzar da inji ke fitarwa in an matse mai, wadda ke zuba a ƙasa muna sharewa. Duk matan kamfaninmu ita suke zuba wa alayyafo da rama a gida, ganye ya yi faɗi kamar tafin hannu. Sati uku ina ɗauko shara a ka, har buhu huɗu na zuba, don ciyawar ta yi kauri ta yi laushi.

Ya riƙe haɓa. "La ilaha illallahu. Hajiya, ai ƙuli-ƙuli kika binne musu, kika lulluɓa musu bargo a kai. Gafiyar Kumbotso ma sai ta ji labari."

Na yi dariya, wallahi na yi, har na zauna a ƙasa. Daga nan kuma ban san lokacin da ta juye kuka ba. Ya juya baya yana duba katanga har na gama.

Ya ce hanya ɗaya ce. A ɗage ciyawar duka, a kwashe ƙasar da ke da garin, a zubar nesa, a toshe hanyar katanga da fasasshen bulo, a zuba sabuwar ƙasa, a mayar. Rabi za ta mutu, don ta fara kama ƙasa. Wadda ta rayu kuma sai ta sake sati uku. Na ce kwana goma sha ɗaya gare ni. Ya ce shi dai gaskiya ya faɗa min.

Laraba, 24 ga Yuli, da safe

In na bar ta, ramuka. In na ɗage ta, Yaya zai tarar da fili kamar an yi haƙar kabari. Ni na jawo, da hannuna, da kaina na ɗauko a ka. Kullum haka nake, garin gyara masa sai in ɓata.

Alhamis, 25 ga Yuli, bayan la'asar

"Da sauƙi, yana takawa." Na ce Jummai, don Allah ki ba shi. Ta ce yana barci. La'asar sakaliya? Bai taɓa barcin la'asar ba, yana cewa ciwon kai yake sa shi.

Baban Fiddausi, da kai nake. Na karɓi hutun kwana uku. Gobe zan ɗage ta.

Asabar, 27 ga Yuli, bayan magariba

Bayana kamar ba nawa ba. Jiya ni kaɗai na fara da fartanya, ina naɗe yankan ina jerawa a inuwar zaure ina yayyafa musu ruwa. Wajen hantsi na ji ƙarar baro a ƙofa. Safiya ce, ta ɗaure ɗankwali a ƙugu. Ba ta ce min yi haƙuri ba, ni ma ban ce ba. Cewa ta yi, "Matsa, ke ko riƙon shebur ba ki iya ba." Muka yi ta kwasa har azahar. Ƙasar ƙarƙashin ta yi tsami, wari kamar tsohon ƙulli, ga hanyoyinsu nan sun ratsa ko'ina kamar layukan unguwa. Wata ƙatuwar gafiya ta fito daga wajen banɗaki da gudu, ta bi ta tsakanin ƙafafun Safiya. Ihun da ta yi sai da aka leƙo daga gida uku.

Da muka zauna shan ruwa ta ce, "Ranar nan fa, da aka buɗe, ba kuka mijinki yake ba. Ƙofa yake kallo. Na san ke yake jira." Na ce ta yi shiru. Ta yi.

Baro goma sha huɗu muka zubar a bayan kwalbati. Su je can su ci.

Litinin, 29 ga Yuli, da safe

An mayar. Ta yi faci-faci kamar tsohon zani. Ba rami yau.

Laraba, 31 ga Yuli, bayan la'asar

Ta wajen banɗaki duk ta yi ja ta bushe. Ta wajen ɗaki tana nan da ranta. Na auna da ƙafa, mai ran ta kai taku takwas. Zan ce wa Yaya takwas sun isa a fara.

Ba rami. Kwana uku ke nan.

Juma'a, 2 ga Agusta, bayan magariba

Na wanke zanin gadonsa na shanya, na goge rediyonsa, na jiƙa gero. Ban san me ya sa na jiƙa geron ba, ai dubawa kawai Yaya zai zo yi. Na tsara abin da zan faɗa: Yaya ku duba, ba siminti. Yaya wannan jan zai farfaɗo. Yaya na yi magana da Safiya, duk ranar da nake shif za ta zauna da shi, ƙofa a buɗe. Na maimaita har na haddace.

Allah ka sa kada su haƙa yau. Yau kaɗai.

Asabar, 3 ga Agusta, bayan magariba

Sun haƙa. Ɗaya, a tsakiyar mai ran. Ina tsugune ina cikewa, hannuna duk taɓo, na ji tsayuwar mota da sallamar Yaya.

Ya shigo ya tsaya a bakin zaure. Ya rame shi ma. Na gaishe su, ban jira sun zauna ba na fara zuba: ku duba Yaya, na fasa simintin, wannan ramin na yau ne kawai, gafiya ce, laifina ne amma na gano, an kwashe, kafin sati biyu ko allura ba za ta shige ba, ba inda ƙafarsa za ta...

Ya ɗaga hannu. Ya dubi ciyawar, ya dubi tulin fasasshen siminti a gefen zaure, ya dube ni.

"Wa ya ce ki fasa?"

Na ce ku. A ƙofar asibiti.

Ya ce, "Wallahi Badi'a ban tuna na faɗa ba. Raina ne a ɓace ranar." Ya goge fuska da hularsa. "Ki bar zancen ramin nan. Babu ƙafar da za ta faɗa ciki. Tun da muka tafi da shi bai taka ƙasa ba, ko sau ɗaya. Ni na hana Jummai ta gaya miki."

Ban san me fuskata ta yi ba. Na ji dai yana cewa kwana tara ke nan Baban Fiddausi ya daina karɓar abinci a hannun kowa, sai ruwa. Sun yi rubutu, sun yi roƙo, ya dafe baki. Jiya Yaya ya tambaye shi, "Kamilu, gida kake so?" Ya ce to.

"Yana mota," in ji Yaya. "Ki shimfiɗa tabarma."

Shi da direba suka ɗauko shi, kamar an ɗauko buhun da babu rabi. Na shimfiɗa tabarmar a ƙofar ɗaki, a kan mai ran, aka jingina shi da filo. Ya daɗe yana kallon tsakar gidan, bai gane shi ba. Sannan ya gan ni. Na ce, "Malam, sannu da zuwa."

Na dama koko. Yaya yana tsaye yana kallo, Safiya tana kan katanga. Cokali na farko ya daɗe a bakinsa kafin ya haɗiye. Ya sha tara. Na goma ya kau da kai, ya kama bakin zanina da hannun da ke aiki, bai saki ba har aka kira magariba. A zaune na yi ta jira, Yaya ya tafi masallaci ya dawo ya same mu a haka.

Lahadi, 4 ga Agusta, da hantsi

Yana nan. Ina jin tarinsa daga madafi.

Akwai sabon rami wajen rijiya. Na gan shi, na wuce da kofin koko.